Harshe da Rauji a Wasan Ofera na Faransa: Nazarin Armide ta Lully da Quinault

1.0 GABATARWA

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da wani harshe na Nijeriya a jami'a, ya sha cin karo da masu cewa kowane harshe da iyakar abin da zai iya ɗauka. A ganin irin waɗannan mutane, Hausa ko Yarabanci ko Ibo sun isa a yi karin magana da kirari da su, amma da zarar an zo fagen kimiyya ko falsafa, sai su ja da baya su ba harsunan Turai wuri. Abin da masu wannan ra'ayi ba su cika sani ba shi ne, Faransanci da kansa ya taɓa gurfana a kan tuhuma mai kama da wannan. A shekarar 1753, masanin falsafar nan Jean-Jacques Rousseau ya wallafa wata doguwar wasiƙa inda ya yanke hukuncin cewa harshen Faransanci bai dace da waƙa ba, saboda haka Faransawa ba su da kiɗa da waƙa na ƙwarai, kuma ba za su taɓa samu ba. Babbar shaidar da ya kafa ita ce fitowa guda tak daga cikin wani wasa mai suna Armide, wanda a lokacin ya shekara 67 da fara fitowa, kuma Faransawa suna ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar fasaharsu.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wannan wasa ga mai karatun Hausa: yadda aka same shi, da labarin da ke cikinsa, da kuma dalilin da ya sa fitowa ɗaya daga cikinsa ta zama filin daga tsakanin manyan masana. Abin da ake son nunawa shi ne, mawallafin kiɗan Armide ya gina raujinsa ne a kan yadda ake furta Faransanci, kuma duk wanda ya raba raujin da kalmomin don ya auna shi, to ya auna abin da babu shi.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace ma'anar ofera. Ofera wasan kwaikwayo ne da ake yi a dandamali, wanda duk maganar da ke cikinsa rera ta ake yi tun daga farko har ƙarshe, tare da rakiyar makaɗa. An fara shi a Italiya wajen shekarar 1600, a birnin Florence, daga nan ya bazu cikin Turai.

2.0 LULLY, QUINAULT DA FADAR SARKI LUWI NA 14

Faransawa ba su karɓi ofera hannu biyu-biyu ba. Firayim minista Mazarin, wanda asalinsa Ba'italiye ne, ya yi ta kawo wasannin ƙasarsa Paris, kamar Orfeo na Luigi Rossi a 1647, amma fadawa suka riƙa ƙosawa da su, domin ba su jin harshen, kuma su al'adarsu raye-raye ne da wasan kwaikwayo na baitoci da ake furtawa ba tare da kiɗa ba, irin na Corneille da Racine. Mutumin da ya samo musu ofera tasu ta kansu shi ma baƙo ne. An haifi Giovanni Battista Lulli a Florence a 1632, aka kawo shi Faransa a 1646 yana yaro, don ya riƙa taya wata gimbiya hira da Italiyanci. Gwanin goge ne kuma gwanin rawa, ta haka ya shiga idon Sarki Luwi na 14, har suka yi rawa tare a wani biki a 1653. A 1661 ya zama shugaban makaɗan fada, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, sunansa ya koma Jean-Baptiste Lully (ana furta shi Luli).

An ruwaito cewa shi ma Lully da farko yana ganin ba za a iya yin ofera da Faransanci ba. Sai da wani marubuci, Pierre Perrin, tare da makaɗi Robert Cambert suka fitar da Pomone a 1671, jama'a suka yi ta tururuwa wata da watanni, sannan ya farga. A 1672, lokacin da bashi ya jefa Perrin kurkuku, Lully ya sayi takardar izinin da sarki ya ba shi, ya zama shi kaɗai ke da ikon yin ofera a ƙasar. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka kafa doka a 1673 wadda ta hana sauran gidajen wasa amfani da fiye da mawaƙa biyu da masu goge shida. Mutum ne mai hazaƙa, amma ba mai barin kowa ya sha ruwa a rijiyar da ya tsare ba.

Abokin aikinsa shi ne Philippe Quinault (ana furta shi Kino, 1635–1688), wanda ke rubuta baitocin. Daga Cadmus et Hermione a 1673 zuwa Armide a 1686, Lully ya kammala manyan wasanni 13 irin waɗanda ake kira tragédie en musique, wato wasan ban tausayi da aka sanya wa kiɗa, kuma 11 daga cikinsu Quinault ne ya rubuta matanin. Sunan da aka ba nau'in abin lura ne: wasan shi ne asali, kiɗa kuwa sutura ce da aka yafa masa. Zubinsa kusan ɗaya ne a kullum. Ana buɗewa da kiɗan share fage, sai shimfiɗa ta yabon sarki, sai kashi biyar na labari, kowane kashi da wurin da ake dakatawa a yi rawa da waƙar 'yan amshi. Akwai kuma na'urori da ke sauko da alloli daga sama ko su rushe fada a gaban 'yan kallo.

Wannan shimfiɗa ta yabo ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya san makaɗan fada irin su Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba, domin aikin ɗaya ne: a ɗaukaka ubangida, a nuna ya fi takwarorinsa. Bambancin shi ne, makaɗin Hausa yana kama sunan sarkinsa da na kakanninsa, shi kuwa Quinault ba ya ambatar sunan Luwi, sai dai a yi ta zancen wani gwarzo wanda kowa ya san ko wane ne. A shimfiɗar Armide, Ɗaukaka da Hikima ne, a siffar mata biyu, suke yabon gwarzon.

Sarki da kansa ya zaɓi labarin Armide a watan Mayu na 1685, daga cikin labarai uku da Quinault ya gabatar masa. Amma da aka fara wasan ran 15 ga Fabrairu 1686 a gidan wasa na Palais-Royal a Paris, ɗansa mai jiran gado ne ya halarta, shi sarkin bai zo ba, kuma bai taɓa kallonsa ba. Ba ya da lafiya a shekarar, zuciyarsa ta karkata ga ibada tun da ya auri Madame de Maintenon, sannan wani abin kunya da ya shafi rayuwar Lully ta sirri ya ɓata tsakaninsu a 1685. A sadaukarwar da ya rubuta a littafin wasan, Lully ya koka cewa yabon da mutanen Paris suka yi masa bai ishe shi ba, tun da wanda ya yi aikin dominsa bai saurara ba. Duk makaɗin fada da ubangidansa ya juya masa baya zai gane wannan kuka.

3.0 LABARIN WASAN

An ɗauko labarin daga doguwar waƙar Torquato Tasso, Gerusalemme liberata, wadda aka buga a Italiya a 1581, kuma ta shafi Yaƙin Salibiyya na farko (1096–1099), lokacin da rundunonin Turai suka zo karɓe Ƙudus. Armide gimbiyar Dimashƙa ce, matsafiya, 'yar ɗan'uwan Sarki Hidraot. Da kyawunta da sihirinta ta yaudari jaruman Salibiyya da dama ta kama su. Mutum ɗaya ne ya gan ta bai ko girgiza ba, shi ne Renaud, kuma wannan ya tsaya mata a rai fiye da duk nasarar da ta samu. A kashi na farko ana tsakiyar bikin murna, sai ga wani baraden Dimashƙa jina-jina, ya kawo labarin cewa jarumi guda ya tare su a hanya ya 'yantar da fursunonin duka. Ba sai an faɗa mata sunansa ba.

A kashi na biyu, Armide da Hidraot suka kira aljannu suka janyo Renaud bakin wani kogi, inda barci ya kwashe shi. A nan Lully ya sa aka danne sautin gogunan, suna ta kai da komowa a hankali kamar gudun ruwa. Armide ta zo da wuƙa don ta kashe shi, ta kasa. Wannan ita ce fitowar da za a yi magana a kanta nan gaba. Maimakon kisa, sai ta yi masa asirin da zai sa ya so ta, ta sa iskoki suka ɗauke su zuwa ƙarshen duniya.

Kashi na uku, a ganina, shi ne zuciyar labarin. Armide ta samu abin da take so, amma ta san cewa son da Renaud ke yi mata aikin asiri ne, nata kuwa na gaskiya ne, babu wanda ya yi mata komai. Kunya da takaici suka sa ta kira Ƙiyayya daga ƙarƙashin ƙasa, a siffar wata halitta da namiji ke rera muryarta, ta roƙe ta ta cire mata son daga zuciya. Ƙiyayya da muƙarrabanta suka fara aiki, har an kai gaɓar da za a tumɓuke son, sai Armide ta yi ƙara ta ce a dakata. Ƙiyayya ta fusata ta tafi, bayan ta shaida mata cewa Renaud zai guje ta, kuma ko ta sake kira ba za ta amsa ba. Wato dai mai magani ta zo har gida, majinyaciya ta ƙi sha da saninta.

Kashi na huɗu ba shi da nauyi, kuma tun a zamanin an sha kushe shi. Jarumai biyu ne aka aiko neman Renaud, ɗauke da garkuwar lu'ulu'u da sandar zinariya, aljannu suna ta fito musu a siffar 'yan matansu. A kashi na biyar, Armide ta bar Renaud a fadarta ta sihiri, ta sa a ɗebe masa kewa da rawa. Wannan rawa, mai suna passacaille, an gina ta a kan sautuka huɗu masu gangarowa da ake ta maimaitawa a ƙasa, kamar gindin waƙa, yayin da abin da ke sama yake ta sauyawa. Bayanta jaruman biyu suka iso suka nuna wa Renaud garkuwar, ya ga kansa cikin furanni ba makami, kunya ta kama shi, asiri ya karye. Armide ta dawo ta iske yana shirin tafiya. Ta roƙe shi ya tafi da ita ko da a matsayin baiwa, ya ƙi. Ta suma, ya nuna tausayinta, ya wuce. Da ta farfaɗo sai ta umarci aljannu su rushe fadar, ta hau keken sihiri ta tashi sama. Babu wanda ya mutu, amma babu abin da ya rage mata. A wajen Tasso, su biyun sun sake haɗuwa a ƙarshen waƙar har sun sasanta. Quinault ya yanke wannan.

Akwai abin da mai karatu na wannan ɓangare na duniya ba zai kasa lura da shi ba. Dimashƙar da ke cikin wasan ba ta tarihi ba ce. A shekarun da ake magana, wani basaraken Saljuƙawa mai suna Duƙaƙ ne ke mulkin birnin, kuma babu wani sarki Hidraot. Gabas ce irin wadda Turawan zamanin suka ƙaga a zukatansu, ƙasar tsafi da mata masu yaudara, abin da Edward Said ya yi dogon sharhi a kansa a littafinsa Orientalism na 1978. Sai dai adalci ne a faɗi cewa, duk da wannan, ita baƙuwar aka ba duk wani abu na ɗan Adam da ke cikin wasan. Ita ke shakka, ita ke kunya, ita ke zaɓi ta kuma ɗauki sakamakonsa. Renaud kuwa, wanda shimfiɗa ke nufin a yi koyi da shi don ya fifita ɗaukaka a kan sha'awa, kusan rabin lokacinsa a dandamali yana barci ne ko yana cikin maye na asiri. Lecerf de la Viéville, wanda ya rubuta littafin kwatanta kiɗan Italiya da na Faransa tsakanin 1704 da 1706, ya ce an yi wa Armide laƙabi da oferar mata, kamar yadda aka kira Atys oferar sarki.

4.0 FITOWA TA BIYAR A KASHI NA BIYU

Domin a gane abin da Lully ya yi a wannan fitowa, sai an fara duba yadda Faransanci yake. Mu a Hausa muna da abubuwa biyu da mawaƙi ba zai yi wasa da su ba. Akwai tsawon wasali, wanda ya raba gari na zama da gari na tuwo, akwai kuma karin sauti, wanda ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. A kan nauyin gaɓa aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙa, kamar yadda Galadanci ya nuna a 1975, Ɗalhatu Muhammad kuma ya nuna a 1980 cewa har amsa-amo ana yi da karin sauti. Italiyanci ba shi da karin sauti irin namu, amma kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa, ga wasula a buɗe a ƙarshen kalmomi, abin da ke ba mawaƙi damar jan murya yadda ya so. Faransanci kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a matakin kalma. Nauyinsa yana faɗawa ne a gaɓar ƙarshe ta yankin jimla. Saboda haka baitin wasan kwaikwayonsu lissafin gaɓoɓi ne: mafi shahara yana da gaɓa 12, da ɗan hutu bayan ta shida, da amsa-amo a ƙarshe.

Oferar Italiya ta raba aikinta gida biyu. Akwai rerawar zance, wadda ake yi da sauri don labari ya ci gaba, akwai kuma waƙa tsantsa, inda ake tsayar da labari mawaƙi ya nuna gwanintar murya, yana iya jan gaɓa ɗaya ta hau ta sauka sau da yawa. Lully ya ƙi bin wannan hanya. A wajensa rerawar zance ita ce wasan, kuma kusan kowace gaɓa sauti ɗaya take samu. Dabararsa ita ce ya tabbatar gaɓar hutu da gaɓar amsa-amo sun faɗa a kan bugu mai ƙarfi. Tun da Quinault yana cakuɗa dogayen baitoci da gajeru, hanyar cim ma wannan ita ce a riƙa sauya awon kiɗan, yanzu bugu huɗu, an jima uku, an jima biyu, gwargwadon abin da baitin ya nema. A takarda abin yana kama da rikici, a kunne kuwa magana ce ke tafiya. Lecerf ya ruwaito cewa Lully yakan je gidan wasa ya saurari La Champmeslé, 'yar wasan da Racine ya horar, don ya ji inda take ɗaga murya da inda take sauke ta, kuma yakan yi ta karanta baitocin Quinault har ya kusa haddace su kafin ya sanya musu rauji. Baitin da bai yi masa ba, sai ya mayar wa marubucin ya sake.

To, a fitowar da ake magana, Armide ita kaɗai ce a farke, ga Renaud kwance yana barci. Makaɗa suka yi ɗan share fage mai kaushi, sannan mafi yawansu suka yi shiru, aka bar ta da rakiyar sautin ƙasa kawai. Ta fara da murna, maƙiyinta ya shigo hannu. Baitocin nan dogaye ne cikakku, raujin ma yana tafiya da ƙarfinsa. Ta matso ta ɗaga wuƙa, sai ta tsaya. Daga nan baitin ya fara karyewa: ta umarci kanta ta soka, jikinta ya ɗauki rawa, ta umarci kanta ta rama, sai ajiyar zuciya ta fito. Baiti guda ya rabu gida huɗu, rabi umarni rabi ja da baya, kuma Lully ya ɗaga murya a kan umarnin, ya sauke ta a kan ja da bayan, ya sa ɗan shiru a tsakaninsu. Bayan haka maganar ta lafa, ta fara neman wa kanta hujja, cewa kashe irin wannan mutum zalunci ne. Da ta yanke shawarar yi masa asiri, sai awon kiɗan ya daidaita ya zama ƙaramar waƙa mai bugu uku, domin mai shakka ce ke magana a karye, wadda ta yanke shawara tana iya rerawa. Daga ƙarshe makaɗa suka dawo, ta kira iskoki.

Wadda ta fara fitowa a matsayin Armide ita ce Marie Le Rochois. Marubutan zamanin sun ce ba doguwa ba ce kuma ba a lissafa ta cikin kyawawa, amma idan ta hau dandamali ba a ganin kowa sai ita. Lecerf ya ce ya sha ganin gidan wasa ya yi tsit a wannan fitowa, mutane sun ƙame ba mai numfashi, sai da makaɗa suka dawo sannan aka ji ajiyar zuciyar jama'a.

5.0 TAƘADDAMAR ROUSSEAU DA RAMEAU

Tun a 1726 Jean-Philippe Rameau (ana furta shi Ramo), babban masanin ƙa'idojin kiɗa, ya kawo wannan fitowa a ɗaya daga cikin littattafansa a matsayin abin koyi. A 1752 wata ƙungiyar 'yan wasan Italiya ta zo Paris da wasannin ban dariya, ciki har da La serva padrona na Pergolesi, sai birnin ya rabu biyu, masu goyon bayan Italiya da masu kare na gida. Cikin wannan hayaniya Rousseau ya fitar da wasiƙarsa, kuma da gangan ya zaɓi fitowar da Rameau ya yaba.

Hujjarsa hawa biyu ce. Ta farko, raujin kowace al'umma daga harshenta yake fitowa. Ta biyu, Faransanci cike yake da baƙaƙe da wasulan hanci da gaɓoɓi marasa amo, ba shi da dannawa bayyananna, don haka raujin da zai haifa dole ya zama lami. Ya bi fitowar baiti-baiti. Ya ce Lully ya sa karkarwar murya da cikakkiyar sauka a ƙarshen baitin farko, alhali mace mai cin wuta ba ta da lokacin ado. Ya ce zuciyar Armide ta juye gaba ɗaya amma kiɗan bai bar gidan sautin da ya fara a ciki ba. Daga ƙarshe ya kawo gwajinsa: a cire kalmomin, a hana 'yar wasa ihu da motsin hannu, a kaɗa raujin kawai, ba wanda zai gane ko fushi ake ko so. Makaɗan gidan ofera sun fusata har suka yi mutum-mutuminsa suka wulaƙanta, aka kuma janye masa izinin shiga kyauta da ya samu saboda wasansa Le Devin du village, wanda, abin dariya, da Faransanci ya rubuta shi a 1752.

Rameau ya mayar da martani a 1754. Wannan shi ne mutumin da magoya bayan Lully suka yi wa ca a 1733, lokacin da ya fitar da oferarsa ta farko, suna cewa ya zo rushe gadon Lully. Ga shi bayan shekara 21 shi ne lauyan Lully. Ya ce Rousseau ya duba saman ruwa ne kawai. Juyin zuciyar Armide yana nan a haɗin sautukan rakiya, domin daidai inda ta tsaya, Lully ya karkata daga ɓangaren sautuka masu kaifi zuwa ɓangaren masu taushi, kuma kunne yana jin haka ko da mai shi bai san sunan abin ba. A ra'ayin Rameau, tushen kiɗa shi ne haɗin sauti, wanda doka ce ta halitta da ba ruwanta da harshe.

A nawa ganin, kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Hawan farko na hujjar Rousseau daidai ne, kuma mai nazarin waƙar Hausa zai fi kowa saurin amincewa da shi. Tun 1972 Paul Richards ya auna dangantakar karin sauti da rauji a wata waƙar Hausa, kuma abokan aikina a nan inda nake koyarwa sun sha nuna mini yadda waƙoƙin coci da aka fassara zuwa harsunansu, aka bar su da raujin Turai, suke juya ma'anar kalmomi. Kuskurensa shi ne ya ɗauki Italiyanci ya mayar da shi mudu, duk harshen da bai cika shi ba ya ce ragagge ne. Gwajinsa na cire kalmomi kuwa tamkar a ɗauki waƙar Narambaɗa ne a zubar da ɗiyanta, a bar kotso kaɗai, sannan a ce ba a ji habaicin ba. Rameau ya yi daidai da ya ce fitowar tana aiki, amma ya kare Lully da makamin da ba na Lully ba, tun da ya fitar da harshe daga lissafi, alhali a gaban La Champmeslé Lully ya je ɗaukar darasi. Akwai kuma batun yadda ake rerawa. Shi kansa Rousseau ya amince cewa a zamanin Lully an fi rera zancen da sauri da sauƙi, mawaƙan baya ne suka riƙa jan sa suna cika shi da ado. Ashe wani ɓangare na abin da ya ƙi, laifin masu rerawa ne na zamaninsa.

Wani abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne, manyan masu wannan shari'a ta Faransanci kusan duk baƙi ne: Lully daga Florence, Rousseau daga Geneva, sai kuma Gluck, Bajamushe, wanda zancensa ke tafe. Wanda ya zauna cikin mutanen da ba harshensu ɗaya ba ya san cewa baƙo yakan ji amon harshe tun kafin ya ji ma'anarsa, abin da ɗan gida ya daɗe da daina ji.

6.0 BAYAN LULLY

Quinault ya bar rubutun wasa bayan Armide. Lully kuwa, a watan Janairu na 1687, yana jagorantar waƙar godiya saboda sarki ya warke, ya buge yatsan ƙafarsa da doguwar sandar da yake buga awo da ita. Ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke ƙafar, ya rasu ran 22 ga Maris 1687. An ci gaba da maimaita Armide a Paris har cikin shekarun 1760, abin da ba a saba gani ba a zamanin da ake yin ofera don kaka ɗaya a jefar.

Labarin Tasso ya ja hankalin makaɗa da yawa, daga Handel a 1711 zuwa Haydn a 1784, Rossini a 1817 da Dvořák a 1904. Amma wanda ya shafi batunmu shi ne Christoph Willibald Gluck, wanda ya ɗauki baitocin Quinault kansu, ya jefar da shimfiɗar yabo, ya ƙara 'yan baitoci kaɗan, ya sanya musu sabon kiɗa, aka fara wasan a Paris ran 23 ga Satumba 1777. An ruwaito cewa Rousseau, da ya saurari wasannin Gluck na Faransanci tun daga 1774, ya yarda cewa sun girgiza hukuncin da ya yanke. Armide ta Gluck ta ture ta Lully daga dandamali, ba a sake jin ta ba sai jefi-jefi, har zuwa lokacin da makaɗan Turai suka koma ga kayan kiɗa na dā da salon rerawa na dā. Philippe Herreweghe ya ɗauke ta a faifai a 1983 ya sake a 1992, William Christie kuma ya jagorance ta a gidan wasa na Champs-Élysées a Paris a 2008. A irin waɗannan ɗauka, inda ake rera zancen da saurin magana kamar yadda Rousseau ya ce ana yi a dā, fitowar da aka yi duk wannan gardama a kanta ba ta kai minti shida ba.